Yadda Sakandaren Amurka Suke Samo 'Yan Tseren Ratsa-daji da Yadda Suke Rainon Su

Tambayar ta zo ne daga wani magidanci da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Ya ce ɗansa mai shekara 14 ya shiga aji tara, wato shekarar farko ta babbar sakandare a tsarin Amurka, kuma bai cika mako biyu ba wani malami ya tare shi a baranda ya gayyace shi ƙungiyar tseren ratsa-daji ta maza, alhali yaron bai taɓa shiga wata gasa ba, iyakar abin da ya sani shi ne tamaula a filin unguwa. Uban yana so ya san abin da malamin ya hango a jikin yaron, da yadda irin waɗannan ƙungiyoyi suke mayar da yaro ɗan tsere, da kuma ko akwai abin tsoro a ciki.

Malam, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Na shafe shekaru ina taimaka wa masu horar da yara a wannan wasa, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, mai yiwuwa malamin nan bai hango wata baiwa ta musamman a jikin ɗanka ba tukuna. Kada hakan ya sanyaya maka gwiwa, domin babu mahalukin da zai dubi yaro ɗan shekara 14 ya tabbatar da abin da zai zama a gudun dogon zango. Ƙungiyoyin da suka yi suna a wannan fage yara suke tarawa da yawa, su riƙe su shekara huɗu, sannan aiki da lokaci su fitar da gwanaye daga cikinsu.

Domin ka gane dalili, sai ka fara sanin yadda ake cin gasar. Tseren ratsa-daji, wanda Amurkawa suke kira kuros-kantiri, ana yin sa ne a kan ciyawa da turɓaya da hanyoyin cikin kurmi masu hawa da gangara, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, lokacin da ganye yake zuba sanyi yana shigowa. Nisan da aka fi amfani da shi a manyan sakandare shi ne mita 5,000, ko da yake a jihar Illinois mil uku ake gudu, kuma a filin Van Cortlandt da ke nan Bronx, inda nake kyautata zaton ɗanka zai yi yawancin tserensa, sananniyar hanyar 'yan sakandare mil biyu da rabi ce. Kowace makaranta tana fitar da mutum bakwai a rukunin manya. Wanda ya zo na ɗaya yana da maki 1, na goma yana da maki 10, haka har zuwa na ƙarshe, sai a tara makin mutum biyar na farko na kowace makaranta, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara. Na shida da na bakwai ba a lissafa nasu makin, amma duk ɗan wata makaranta da suka riga isa sun ƙara wa makarantarsa nauyi, kuma idan aka yi kunnen doki, na shida ne yake raba gardama. Ka ɗauka wata makaranta tana da gwanaye uku da suka zo na 1 da na 2 da na 3, amma na huɗunta ya zo na 20, na biyar ɗinta ya zo na 40. Jimillarta 66 ke nan. Wata kuma ba ta da ko mutum ɗaya a cikin biyar na farko, sai dai yaranta sun zo na 6, 8, 10, 12 da 14; jimillarta 50, kuma ita ce za ta tafi da kofi. A nan maganar nan ta sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi take tabbata da lissafi. Shi ya sa kocin da ya san aikinsa yake kwana da tunanin yaronsa na biyar fiye da na ɗaya, kuma yaron nan na biyar, sau da yawa, shi ne wanda shekara uku da suka wuce ba wanda ya kula da shi.

Akwai kuma doka. Hukumomin wasannin sakandare na jihohi sun hana koci ya zawarci ɗalibin wata makaranta saboda wasa, don haka duk wanda zai yi masa gudu yana nan cikin ɗaliban da suka riga suka shigo ta ƙofar makarantarsa. A ƙwallon kwando ko ninƙaya, yaro ɗan shekara 14 yakan zo da gogewar shekaru daga kulob-kulob na waje, amma a gudun dogon zango akasarin yara daga aji tara suke farawa, wasu kaɗan kuma daga ƙaramar sakandare. Ga shi kuma a mafi yawan makarantu wasa ne da ba a korar kowa daga cikinsa: bayan rukunin manya bakwai akwai rukunin masu tasowa, akwai na 'yan aji tara, kuma kowa yana samun damar tsere ranar gasa. Ƙididdigar tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta Amurka tana nuna yara maza fiye da 200,000 suna shiga wannan wasa kowace shekara, kuma mafi yawansu wani ne ya tare su ya ce su zo, kamar yadda aka yi wa ɗanka.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin wannan hanya shi ne marigayi Joe Newton na makarantar York da ke garin Elmhurst a jihar Illinois. Ya karɓi ƙungiyar a 1960, ya ci gasar jiha karo na farko a 1962, kuma kafin ya ajiye aiki a 2016 ya ci ta sau 28. Shi kansa ɗan gajeren tsere ne a zamanin karatunsa na jami'a, ba ɗan dogon zango ba, amma malamin motsa jiki ne, yara suna wucewa ta gabansa kullum, yana kiran su. Akwai shekarun da yaran ƙungiyarsa suka kai wajen 200, har mutane suka riƙa kiran su dogon koren layi saboda launin rigarsu. Abin da ya fi burge ni a labarinsa ba kofunan ba ne, a'a, al'adarsa ce ta sanya wa kowane yaro laƙabi, da kiran sunan kowa, da yin musabaha da kowa a kullum, daga zakaran ƙungiya har zuwa wanda yake zuwa ƙarshe. A 1988 aka saka shi cikin jami'an tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta Seoul, abin da ba a saba yi wa kocin sakandare ba, kuma a 2004 ƙungiyarsa ce ta ci gasar ƙasa ta ƙungiyoyi da kamfanin Nike ya fara shiryawa a Portland. Ya rasu a Disamban 2017.

To, daga ina yaran suke fitowa? Kaso mai yawa waɗanda wasu wasanni suka ƙi ne. Jim Ryun na makarantar Wichita East a jihar Kansas bai samu gurbi a ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙaramar sakandare ba, sai ya faɗa tseren ratsa-daji a kakar 1962. A watan Yunin 1964, ƙarƙashin koci Bob Timmons, ya zama ɗan sakandare na farko da ya gudu mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. Steve Prefontaine na garin Coos Bay a jihar Oregon ƙanƙantar jiki ce ta hana shi tasiri a ƙwallon Amurka, kuma a shekararsa ta farko ya zo na 53 a gasar jiha, kafin daga baya ya ci ta shekara biyu a jere. Wasu kuma daga darasin motsa jiki ake gano su, inda ake sa ɗalibai su gudu mil ɗaya a riƙe musu agogo. Meb Keflezighi, wanda iyayensa suka yi hijira daga Eritiriya suka sauka San Diego a 1987, ya gudu mil cikin minti 5 da daƙiƙa 20 yana aji bakwai a irin wannan darasi; shi ne ya samu azurfa a gudun fanfalaƙi na Olamfik a Athens a 2004, ya kuma ci na Boston a 2014. Sai kuma 'yan tamaula, kuma a nan nake jin ɗanka ya shigo. Yaron da ya shekara biyar ko shida yana kai da komowa a fili, musamman ɗan tsakiya, ya riga ya gina zuciya da huhu da ƙafafu ba tare da ya sani ba. Grant Fisher, wanda ya samu tagulla biyu a Paris a 2024, a mita 10,000 da mita 5,000, tamaula da gudu ya riƙa haɗawa a makarantar Grand Blanc ta jihar Michigan kafin ya tsaya a kan gudu. Haka nan a garin McFarland na Kalifoniya, koci Jim White ya tara 'ya'yan leburorin gona, yaran da suka saba da aikin ƙarfi a rana, ya ci gasar jiha da su a 1987, kuma ya ci ta sau tara gaba ɗaya.

Kada waɗannan sunaye su sa ka ɗora wa yaronka nauyi. Na kawo su ne domin ka ga cewa ko waɗanda suka kai ƙololuwa ba a gane su daga kallo ba. Dalilin yana cikin balaga. Tsakanin shekara 13 da 17 jikin yaro namiji yana sauyawa sosai: tsoka tana ƙaruwa, zuciya tana girma, sinadarin jan jini mai ɗaukar iska yana hauhawa, kuma kowane yaro da nasa lokacin. Wanda ya balaga da wuri yakan cinye tseren 'yan aji tara, a yi ta yabonsa, wanda ya yi jinkiri kuma yana can baya da siraran ƙafafu. Bayan shekara biyu sai ka tarar an sauya wuri. Na sha ganin yaron da ya fara da minti 24 a mita 5,000 ya gama sakandare yana yin ƙasa da 17, na kuma ga wanda ya fara da 19 ya tsaya a nan. Saboda haka idan na riƙe agogo a gwajin farko, lokacin da yaro ya yi ba shi ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Ina duban wanda ya galabaita a zagaye na uku amma bai tsaya ba, da wanda numfashinsa ya dawo daidai da wuri bayan an gama, da wanda ya tambayi lokacinsa yana so ya sani, sannan mafi muhimmanci, wanda ya dawo washegari ƙafafunsa suna ciwo.

Tara yara abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da riƙe su. Makonni uku na farko su ne ake asarar mafi yawa, domin gudu a farkonsa babu daɗi: ƙirji yana zafi, gefen ciki yana suka, cinyoyi suna tsami, ga abokai suna can suna hutawa. Kocin kirki ba ya jefa sabon yaro cikin manya. Yakan raba ƙungiya rukuni-rukuni, sababbi su fara da minti 15 ko 20 na sassarfa haɗe da tafiya, kuma yakan sa wani babba ya bi su yana yi musu hira. Abin da yake ɗaure yara a wannan wasa shi ne kowa yana da abokin hamayyar da zai iya kayarwa, wato lokacinsa na makon jiya. Yaron da ya zo na 150 amma ya rage daƙiƙa 40 daga lokacinsa ya ci nasa tseren, kuma a ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi, ranar Litinin ana karanta sunansa a gaban kowa a tafa masa. A kan haka ake ƙara cin abinci tare a jajibirin gasa, da rigar da ake ba wanda ya cika wani adadin mil a lokacin hutu, da tsofaffin ɗalibai da suke dawowa su yi gudu da ƙannensu. Waɗannan abubuwa suna kama da ƙanana, amma su ne suke sa yaro ya tashi da asuba a watan Yuli ba tare da kowa ya tashe shi ba.

Watan Yulin nan kuwa shi ne ginshiƙin komai. Masu wannan wasa sun yarda cewa gasar Nuwamba a lokacin dogon hutu ake cin ta, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da babu gasa, babu 'yan kallo, sai gudu mai sauƙi kullum da safe. Wannan tunani ya samo asali ne daga Arthur Lydiard, mutumin Niyu Zilan, wanda ya riƙa sa ɗalibansa gudun mil 22 a kan tuddai, har da Peter Snell, wanda ya ci zinare a mita 800 a Roma a 1960, ya kuma ci mita 800 da 1,500 a Tokyo a 1964. Tseren mita 5,000 kusan gaba ɗayansa a kan iskar da jini yake kai wa tsoka ya dogara. Gudu mai sauƙi na tsawon lokaci yana sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, yana yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yana kuma ƙara ƙananan ɗakunan wuta na cikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda masana suke kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci ya zama ƙarfi. Ma'aunin gudu mai sauƙi shi ne yaro ya iya hira da na kusa da shi cikin cikakkun jimloli. Kuskuren da ya fi yawa a wurin yara maza, kuma ina yaƙi da shi kowace shekara, shi ne mayar da kowane atisaye gasa. Sai su gaji a ranakun hutu, su kasa yin ƙoƙari a ranakun wahala, su tsaya wuri ɗaya suna mamaki.

Idan kakar gasa ta kama, mako yakan ƙunshi ranakun wahala biyu, ko uku idan an haɗa da ranar tsere, sauran kuma na sauƙi ne. Ɗaya daga cikin ranakun wahalar ita ce ta gudun matsakaicin tsanani, kamar minti 20 a saurin da yaro ba zai iya furta fiye da kalma uku ko huɗu a jere ba, wanda yake koya wa jiki ya daɗe yana sauri kafin ƙafafu su yi nauyi. Ɗayar kuma ta gudun yanka-yanka ce, misali mita 1,000 sau biyar a saurin gasa, da 'yar sassarfa ta minti biyu ko uku a tsakani, ko kuma hawan tudu da gudu a sauko a hankali sau takwas ko goma. Sau ɗaya a mako akwai dogon gudu, daga minti 45 ga ƙanana zuwa minti 90 ga manya, kuma bayan gudun sauƙi akan ƙara 'yan gajerun gudu masu sauri na mita 100 sau huɗu zuwa shida domin ƙafa ta saba da zafin nama. Makonni biyu kafin gasar ƙarshe sai a rage yawan gudun, a bar saurin, jiki ya huta ya tara ƙarfi. A nawa ganin, sabon yaro ɗan aji tara kilomita 25 zuwa 40 a mako sun ishe shi, a riƙa ƙara masa kaɗan kowace shekara, har idan ya kai aji sha biyu, jikinsa ya nuna yana ɗauka, ya kai 70 zuwa 90.

A kan wannan adadi akwai tsohuwar gardama. Makarantar York ta shahara da yawan gudu, har tana karrama yaran da suka cika mil 1,000 a dogon hutu, kuma masu suka sun daɗe suna cewa irin wannan yana iya ƙone yaro tun bai kai jami'a ba. Masu kare tsarin suna nuna kofuna da ɗaruruwan yaran da suka fita lafiya. Ni dai ina tare da masu taka-tsantsan, musamman a shekara biyu na farko, kuma dalilina shi ne abin da nake so ka fi riƙewa daga wannan amsa. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyi watanni suke buƙata. Idan aka ƙara wa ƙashi nauyi, jiki yakan fara rushe tsohon sashe kafin ya gina sabo mai ƙarfi, don haka akwai wani ɗan lokaci da ƙashin ya fi rauni, kuma lokacin nan yakan zo daidai da sa'ad da yaro yake jin numfashinsa ya buɗe, yana ganin zai iya ninka gudunsa. Ga shi kuma yana cikin girma, gaɓoɓin ƙashinsa ba su gama haɗewa ba. Daga nan ciwon ƙwauri yake fitowa, da ciwon ƙasan gwiwa, da na agara, da mafi muni, 'yar tsagewar ƙashi wadda takan zaunar da yaro mako shida zuwa takwas ko fiye. Tsamin tsoka da yake ko'ina a ƙafafu biyu, yana raguwa idan jiki ya ɗumama, ba abin damuwa ba ne. Amma ciwon da yaro zai iya nuna maka da yatsa ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa idan yana gudu, ko yana sa shi ɗingishi, ko yana damunsa da dare, wannan a dakatar da gudu a kai shi wurin likita, ko da gasar jiha ce gobe. Yara maza suna ɓoye ciwo saboda tsoron rasa gurbi, kuma a gida ake fara ganin ɗingishin, a kan matakalar bene da safe.

Rabin renon ɗan tsere a gidanku yake, ba a fili ba. Yaro mai girma yana kuma gudu yana buƙatar abinci fiye da yadda iyaye suke zato, kuma tun 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya bayyana cewa ƙarancin abinci idan aka kwatanta da yawan atisaye yana illata maza kamar yadda yake illata mata, yana raunana ƙashi, yana jawo yawan rashin lafiya. Tuwo da shinkafa da wake da ƙwai da nama da madara da ganye, irin abincin gidanmu, sun wadatar, muddin yana karyawa da safe kuma yana samun abin ci jim kaɗan bayan atisaye. Ba ya buƙatar garin ƙarin ƙarfi na kanti. Idan ka ga ya fara ja da baya ba dalili, yana yawan kasala, a duba masa sinadarin ƙarfe na jini, domin ƙarancinsa sananne ne a wurin masu gudun dogon zango, amma kada a ba shi ƙwayarsa sai likita ya auna. Barci kuwa awa takwas zuwa goma masana suka ƙayyade wa matasa, kuma a cikinsa ne jiki yake gyara abin da atisaye ya rusa. Takalmi guda mai kyau na atisaye ya fi komai muhimmanci a kayan aiki, a sauya shi bayan kilomita 500 zuwa 800. Mai ƙusoshi na ranar gasa yana iya jira.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu musamman. Kafin yaro ya fara, makaranta za ta nemi takardar gwajin likita, kuma ina roƙonka ka tabbatar an san matsayinsa game da sikila, musamman idan a can gida Afirka aka haife shi, domin ɗaukar rabin ƙwayar, wato AS, ya yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. Mai AS yana iya gudu har ya yi fice, ba a hana shi, amma tsananin wahala cikin zafi da ƙishirwa, ko a wuri mai tsayi sosai, yana iya jefa shi cikin haɗari, shi ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta wajabta tantance 'yan wasan babban rukuninta. Idan yana da shi, a gaya wa koci, a bar shi ya ƙara wahala a hankali, ya sha ruwa, ya tsaya da zarar ya ji wani baƙon rauni ko ciwon tsoka. Haka kuma a gaya wa likita idan akwai wanda ya taɓa yanke jiki ya faɗi ko ya rasu farat ɗaya yana matashi a dangi, ko kuma yaron yana da asma.

Bayan jiki sai dabara, wadda ita ma koyar da ita ake yi. A Van Cortlandt ana tashi ne a shimfiɗaɗɗen fili mai faɗi, yara ɗari ko fiye a jere, sannan hanya ta tsuke ta shiga tuddan baya, don haka sabon yaro yakan zuba duk ƙarfinsa a mita 400 na farko, ya isa tudu ba shi da sauran numfashi. Koci yana koya musu su tashi da saurin da zai ba su wuri ba tare da sun ƙone ba, su gajarta taku a hawa, su ci gaba da matsawa bayan sun kai ƙololuwa inda kowa yake sassautawa, su saki jiki a gangara. Yana kuma koya musu gudun garke, wato na uku da na huɗu da na biyar su manne wa juna muddin za su iya, saboda yaro yakan jure wahalar da ba zai jure shi kaɗai ba idan kafaɗar abokinsa tana gefensa. Abin da kociyoyi suke aunawa bayan gasa shi ne tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyar. Idan ta gaza minti ɗaya, ƙungiya ta fara ƙarfi. Makarantar Newbury Park ta Kalifoniya, ƙarƙashin koci Sean Brosnan, ta kai wannan matuƙa a gasar jiha ta 2021, inda ta tashi da maki 16, alhali mafi ƙanƙantar abin da lissafi ya yarda da shi 15 ne.

Idan kaka ta ƙare a Nuwamba, yaro yana buƙatar hutun mako ɗaya ko biyu, sannan mafi yawansu su shiga tseren cikin ɗaki na lokacin sanyi, wanda a New York ake yi a zauren Armory da ke Manhattan, sai kuma tseren fili na bazara, inda mita 800 da 1,600 da 3,200 suke ƙara musu sauri. Wannan zagaye na shekara shi ne yake tara ribar da ake gani a aji sha ɗaya da sha biyu. A shekarun 2025 da 2026 azumin Ramadan ya faɗo ne tsakanin Fabrairu da Maris, wato ba cikin kakar ratsa-daji ba, amma yana taɓa tseren sanyi da farkon na bazara. A sanar da koci tun da wuri, a rage wahala, a matsar da gudun kusa da buɗa-baki ko bayansa. Ban ga laifi ba idan ɗan aji tara ya ci gaba da taɓa tamaularsa a wasu watanni, domin gudun gefe da juyi suna ƙarfafa sassan da gudun miƙe ba ya taɓawa.

Game da tallafin karatun jami'a, tunda na san iyaye suna tunaninsa, gaskiya ita ce kaɗan ne. Shekaru da dama jami'o'in babban rukuni ba su da izinin ba da fiye da guraben tallafi 12.6 ga dukkan maza 'yan tsere da tsalle da jifa, ana gutsuttsura su tsakanin mutane da yawa, kuma ko da aka sauya dokar a 2025, wuraren da ke cikin ƙungiyoyin ƙididdigaggu ne. Ya shiga don lafiyarsa da tarbiyyarsa da abokan kirki. Idan tallafi ya zo daga baya, alhamdu lillahi.

Shawarata ita ce ka je ka ga kocin da kanka. Ka tambaye shi kilomita nawa sababbi suke gudu a mako, da ranar hutunsu, da abin da yake yi idan yaro ya ce ƙafarsa tana ciwo, da kuma yara nawa daga cikin waɗanda suka fara da shi a aji tara suke nan har aji sha biyu. Amsar tambayar ƙarshen nan za ta nuna maka irin kocin da yake fiye da kofunan da ke ofishinsa. Sannan ka samu wata Asabar a watan Oktoba ka je Van Cortlandt, inda 'yan aji tara suke gudun mil ɗaya da rabi. Ka tsaya kusa da layin ƙarshe, ka kira sunansa da ƙarfi idan ya fito daga cikin itatuwa, ka rubuta lokacinsa da kwanan wata a takarda, domin ku kwatanta da wanda zai yi a kan wannan hanya a ƙarshen kaka.